Iska Ta Yaye Rumfar Kajina, Kuma Ƙanin Mijina Ne Ya Gina Ta

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a wata unguwa ta wajen Kumbotso a Kano. Maigidana yana aiki a Fatakwal, sai bayan wata uku ko huɗu yake zuwa gida. Shekara biyu ina zubin adashi, da na kwasa bara sai na ɗaura niyyar gina rumfar kaji masu ƙwai kamar 200 a filin bayan gidanmu, da ɗan sito na ajiye abincinsu da hatsi. Ƙanin maigidana birkila ne, sai surukata ta ce ba a kai aiki waje ga mai yi a gida. Na damƙa masa kuɗin gaba ɗaya, ba rubutu ba shaida. Ya yi bango, ya kawo wani yaro ya buga kwano, siton kuma ya tsaya a linta, ya ce kuɗi sun ƙare. Hadarin farko na bana ya yaye rufin ɗungurungum ya jefa shi gidan maƙwabta. Allah ya tsare ban zuba kajin ba tukuna, kuma kwanon bai faɗa kan kowa ba. In na yi masa magana sai ya mayar da ita wasa, maigida kuma ya ce in yi haƙuri. Na kusa sake kwasar adashi. Ta yaya zan sami ma'aikaci na gari, kuma yaya zan kira wani ba tare da na ɓata da dangin mijina ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya mayar miki da alheri. Da na kai inda kika ce kwanon ya faɗa gidan maƙwabta sai da gabana ya faɗi, domin kwanon da iska ta ɗauko wuƙa ne, yakan yanke mutum. Kafin komai, in ba ki shiga gidan nan kin yi musu jaje kin tambayi abin da ya lalace ba, ki shiga yau. Da su za ki zauna da warin kaji da kukansu nan gaba, kina bukatar zuciyarsu a wanke.

Zan fara da maganar gida, don in ba a warware ta ba, duk ma'aikacin da kika kawo da harara za a tarbe shi, ke kuma ki zama matar da ta raina dangin miji.

Kin san tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa. Wannan wasan ne ya zame masa mafaka. Duk ranar da kika ɗauko maganar kuɗi zai yi dariya ya ce matarmu ta fara rigima, ke kuma kunya ta hana ki ɗaure fuska. Don haka ki daina yi masa maganar da bakinki. Maganar ta yayansa ce. Ki samu maigida a lokacin da hankalinsa yake kwance, ba cikin kuka ko gori ba, ki ce masa kin karɓi haƙurin da ya ba ki, amma abu biyu kike roƙo. Na farko, ya sa ƙaninsa ya zauna ya rubuta abin da ya saya da abin da ya biya: buhun siminti nawa, bulo nawa, bandir ɗin kwano nawa, leburori nawa. Na biyu, shi da kansa ya sanar da mahaifiyarsa cewa rufin nan wani kafinta zai sake shi. In daga bakinsa ta fito, umarnin ɗa ne a gidansa. In daga bakinki ta fito, tsiwa za a kira ta.

Kada ki yi saurin yanke cewa ƙanin naku ya ci kuɗin. Yana iya yiwuwa ya ci, amma abin da na fi gani a irin wannan shi ne mutum ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa don kada a ce bai iya ba. Birkila daban, kafinta daban. Wanda ya iya jera bulo a miƙe ba lallai ya san yadda ake ɗaure rufi ba, kuma ba lallai ya iya lissafin kayan aiki daga tushe har sama ba, musamman a wannan zamani da farashin siminti ba ya kwana wuri ɗaya. Lissafin da zai rubuta shi zai nuna miki ko kuskure ne ko ha'inci. In kuskure ne, ki yafe a fili, har ma ki ba shi jingar ƙarasa bangon siton, ke ki sayi kaya shi ya karɓi kuɗin hannunsa kawai. Da haka ya fita kunya, surukarki ta ga ba a kori ɗanta ba. In kuma lissafi ya ƙi haɗuwa da nisa, to ya zama bashi, sai a kira wani babba a dangi ya yanka masa yadda zai biya a hankali, ko da da aikin hannunsa ne. Ban ba ki shawarar kai shi gaban alƙali ba. Kuɗin adashi ɗaya bai kai aurenki ba. Amma yin shiru kamar ba a yi komai ba shi ma ba zumunci ba ne, gaba ce ake binnewa da ranta.

Ita kuwa Hajiya surukarki, ki je da ƙafarki ki gaishe ta bayan ɗanta ya yi mata magana, ki riƙe ɗan abin hannu. Kada ki kai ƙara, kada ki ambaci kuɗi. Ki ce kin zo neman addu'a za a sake aiki.

Yanzu ga abin da nake so ki fahimta sosai, don shi ne ma'aunin da za ki auna duk wanda ya zo neman aikin. Me ya sa rufin ya tashi?

Mutane suna zaton iska tura kwano take yi. Ɗaga shi take yi, kamar yadda take fizge lema daga hannun mutum. Hadarin farkon damina a ƙasarmu, na watan Mayu da Yuni, daga gabas yake tasowa, kuma guguwa ce take riga ruwan isowa. In ta bi ta saman rufi tana tsotsar sa sama, in kuma ta sami ƙofa ta shiga ciki tana tunkuɗa shi daga ƙasa. Rumfar kaji kuwa rabinta a buɗe take, don haka ta fi ɗaki shiga haɗari. Daga kusurwa da baki-baki take farawa. Da zarar ta ɗaga falle ɗaya, sauran sun zama nata. Yadda kika ce rufin ya tafi ɗungurungum, da katakonsa ke nan, ya nuna mini ba ƙusar kwano ce ta gaza ba. Ba a ɗaure katakon da bango ba ne, an aza shi ne kawai aka buga 'yan ƙusoshi, aka dogara da nauyinsa.

Rufin da zai tsaya, sarƙa ce daga sama har ƙasa. Kwano yana riƙe da ƙananan katako da ƙusa mai hula, ana buga ta a kan tudun kwanon ba cikin kwarinsa ba inda ruwa ke bi, kuma a baki-baki ana buga ta a kowane tudu ba a tsallake. Ƙananan katakon suna riƙe da manya, kowace mahaɗa an naɗe ta da langa-langa. Manyan suna zaune a kan katakon da aka shimfiɗa bisa bango, shi kuma an ɗaure shi da rodin da aka bari ya fito daga cikin kankaren linta aka lanƙwasa a kansa. Lintar tana haɗe da ginshiƙai, ginshiƙan suna binne cikin kankare a ƙasa. Inda duk sarƙar ta tsinke, nan iska za ta raba. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da bulo da kike gani a kan rufin mutane, shaida ce cewa mai gidan ya san ba a ɗaure ba.

To ga jarrabawar. Duk kafintan da ya zo, ki kai shi gaban bangon nan ki ce masa: Malam, me ya sa wannan ya tashi, kuma kai yaya za ka yi kada ya sake? Sai ki yi shiru. Wanda ya ce ai ikon Allah ne kawai, gaskiya ya faɗa, amma ba shi za ki ba aiki ba. Wanda ya hau ya duba kan bangon, ya ce miki babu rodin ɗauri, sai an fasa an sa ko an zuba sabuwar linta, ya tambaye ki ta ina hadari ke zuwa muku, wannan ya san abin da yake yi.

Ban ga dalilin da zai sa ki nemi babban ɗan kwangila mai ofis ba a kan aiki irin wannan. Ribarsa kaɗai za ta cinye kuɗin kwanonki. Birkila ɗaya da kafinta ɗaya sun isa, ko mai walda in kin zaɓi ginshiƙai da sandunan ƙarfe maimakon katako. Ƙarfe ya fi tsada a farko amma gara ba ta cin sa. Abin da nake so ki kashe wa kuɗi shi ne ki biya wani injiniya ko magini mai takardar shaida ya zo sau ɗaya ya duba bangon da ke tsaye. Injiniyoyi a Nijeriya suna rajista da hukumar COREN, magina masu ilimin boko kuma da CORBON. Ba sai ya zana miki babban filan ba. Ya duba ko bangon ya tsage lokacin da rufin ya fizge, ko tushen ya isa, ya zana miki a takarda ɗaya yadda za a ɗaure rufin. A makarantarku ko cikin iyayen yara da wuya a rasa wanda ya san irinsu.

Ina ake samun na gari? Ba a bakin titi ba, kuma ba a hoton waya ba. Aikin ake fara samu, sannan a nemi wanda ya yi shi. Ki ware Asabar biyu ki zaga gidajen masu kiwon kaji na yankinku. Mai sayar da abincin kaji da likitan dabbobin da ke yi musu allura sun san kowace rumfa a wannan shiyya, sun san wadda ta tsaya da wadda ta faɗi, su za su nuna miki hanya. Malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kano, su ma suna shiga irin waɗannan gidaje. In kin shiga, kada sabuwar rumfa mai ƙyalli ta ɗauke miki hankali. Ki nemi wadda ta ci damina uku ko fiye. Ki ɗaga kai ki dubi mahaɗar katako, ki dubi gindin ginshiƙi ko gara ta hau, ki dubi ƙasa ko akwai alamar yoyo. Sannan ki ja matar gidan gefe ki tambaye ta abin da ba a faɗa a gaban ma'aikaci: ya gama a lokacin da ya ce? Ya dawo neman ƙari a tsakiyar aiki? Da aka kira shi gyara bayan an biya shi, ya zo? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi gaya miki halin mutum.

'Yan katako na Na'ibawa da masu rodi da kwano na Ƙofar Ruwa su ma sun san kafintoci da masu walda, don kullum tare suke. Ki tambaye su, amma ki tuna kowane ɗan kasuwa zai fi son ya haɗa ki da wanda ke kawo masa ciniki. Sunan da kika ji daga bakin mutum biyu ko uku da ba su san juna ba, shi za ki riƙe. Masu tallar aiki a Facebook da WhatsApp akwai na kirki a cikinsu, sai dai hoto ba ya nuna wanda ya yi aikin. Ki ce ya kai ki wurin, ki ga mai wurin ya gaishe shi da fara'a.

Kuma ki san gidansa, ki san wanda yake jin nauyinsa. Tun zamanin da, magina a ƙasar Hausa ba sakaka suke ba, suna da Sarkin Magina da ake kai wa ƙara in aiki ya ɓaci. Yau ma birkiloli da kafintoci da masu walda suna da ƙungiyoyi da shugabanni a unguwanni. Wanda ubangidansa da ya koya masa sana'a yake raye kuma zai tsaya masa, ko mai unguwa ya san shi, ba ya gudu da kafin alƙalami. Wanda ba ki da komai nasa sai lambar waya, ranar da ya kashe ta kin rasa shi.

Ki karɓi lissafi daga mutum uku, kowa a rubuce, kayan aiki daban kuɗin hannu daban. Za ki ga ɗaya ya faɗo ƙasa sosai. Kada ki yi murna, ki tambaye shi ina ya rage. Ko dai ya rage kaurin kwano, ko ya faɗaɗa tazarar katako, ko kuma ya yi niyyar ya fara aikin ne ya tsaya a tsakiya ya ce kuɗi sun ƙare, lokacin da ba ki da yadda za ki yi. Kin riga kin ɗanɗana wannan. Araha ba ta ado.

Sai rubutu. Na san abin da ake cewa, wai rubutu rashin yarda ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai aka yi umarnin. Don haka ba abin kunya ba ne, ko da ɗan'uwa ne. Takarda ɗaya ta isa, da Hausa: tsawo da faɗi da bisan rumfar da ƙafa, irin katako da irin kwano, yadda za a ɗaure rufin, ranar farawa da ranar gamawa, jimillar kuɗin hannu, da yadda za a biya. Shaidu biyu su sa hannu, ɗaya nasa ɗaya naki, kowa ya riƙe kwafi, ki ɗauki hotonta a waya ki tura wa maigida.

Biya kuwa kashi-kashi ne, kuma kullum aiki ya riga kuɗi. Ɗan kafin alƙalami kaɗan, sai wani kaso in an gama ginshiƙai da linta, wani in an gama katako kin gani da idonki kafin a rufe shi da kwano, wani in an gama bugun kwano. Ki riƙe kashi 10 cikin 100 sai rufin ya ga hadari biyu ko uku. Wannan ba zalunci ba ne, haka ake yi a manyan kwangiloli, kuma in an faɗa tun farko ma'aikacin da ya yarda da hannunsa ba ya musu. Ta banki za ki riƙa biya don shaida ta zauna. Amma fa ke ma da naki nauyin: ranar da kaso ya cika ki biya a ranar, kada ki ce sai albashi. An umarce mu mu ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma ma'aikacin da ake ja wa rai a kan haƙƙinsa a cikin aikin yake ramawa.

Kaya ke za ki saya, ko wani naki da kika yarda da shi, kafintan ya raka ku ya zaɓa. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, ki ƙirga. Kwano yana da kauri iri-iri, akwai shara-shara wanda ƙusa ke yagawa tun ranar bugu. Ki sa a nuna miki biyu ki lanƙwasa bakinsu da hannu, za ki ji bambanci. Katako ki zaɓi busasshe miƙaƙƙe, ɗanye yana murɗewa in ya bushe a sama ya saki ƙusa. A shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi, ba bayan an buga ba. A nan ni ma na taɓa yin asara. Rumfata ta farko, kafinta ya binne ginshiƙan katako a ƙasa tsurarsu, ba magani ba kankare. Daga waje lafiya lau, ashe gara ta cinye cikinsu. A damina ta biyu na jingina da ɗaya ya burma. Da kaji a ciki a lokacin, kuma na yi kuka. Kakanninmu da suke rufi da azarar giginya sun san abin da suke yi, gara ba ta samun yadda take so da ita.

Bulo ki je gidan bulon da kanki. Ki kankare shi da ƙusa, in yana zuba kamar gari an yi masa rowar siminti. Ki ɗaga ɗaya zuwa ƙugu ki saki, mai kyau ba ya watsewa. Kankaren ginshiƙi da linta, ma'aunin da aka saba shi ne 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya mai kilo 50 da kwanon aiki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Ki riƙe wannan a ka, ki tsaya ranar zubi ki ƙirga, domin a nan buhu ke ɓacewa. Bayan an zuba, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7. Sai ya kwana 28 yake kaiwa cikakken ƙarfinsa. Kankaren da aka bari ya bushe da ƙishirwa, musamman a hunturu, ba ya ƙarko. Tunda kina makaranta da safe, ki sa a yi zubin ranar da kike gida, ko ki ce kada a rufe rodi sai an turo miki hotonsa.

Tunda za a sake, a gyara fasalin ma. Rumfar kaji tsawonta daga gabas zuwa yamma ake miƙa shi, don rana ta bi ta kan rufi kada ta shiga ta gefe ta dafa su. Wannan ya zo mana daidai, domin bangon gabas sai a gina shi cikakke har sama ya tare guguwar hadari. Dogayen gefunan biyu, bulo jeri biyu ko uku ya isa, sauran ragar waya har sama, da labulen buhu ko tamfol da za a sauke in ana feshin ruwa ko sanyin hunturu. Bakin kwano ya zarce bango da kamar ƙafa 3. Rufin ya yi bisa, kada ya gaza ƙafa 8 a gefe, don zafin Maris zuwa Mayu a Kano yana haura digiri 40, kuma kaza ba ta gumi; in zafi ya yi mata yawa ta rage ci, ta rage ƙwai, wata ta mutu. Wasu suna shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwanon a bazara, yana taimakawa, in an ɗaure ta da kyau. Kaji 200 a kan ɓuntun shinkafa ko ɗiddigar katako suna son wuri kamar ƙafa 20 da 30, kada ki matse su. In bangon da ke tsaye ya saɓa wa wannan fuskar, ki tambayi injiniyan ko za a iya gyarawa ba tare da rushewa duka ba.

Siton ba shi da wuya. Daɓensa ya ɗara ƙasar waje tsawo, a shimfiɗa leda kafin a zuba kankare don danshi, ƙananan tagogi a sama da raga, ƙofar ƙarfe wadda ba ta bar wa ɓera hanya a ƙasa ba. Buhu a kan katako ake jera shi, nesa da bango kaɗan. Ki sa ƙofarsa ta waje, kada sai an ratsa cikin kaji.

Akwai abu biyu da ba ki tambaya ba amma ba zan iya yin shiru a kansu ba. Na farko, gini na bulo a cikin birnin Kano da kewayensa yana ƙarƙashin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. Ki sa a tambaya a ofishinsu ko irin naki yana bukatar izini, kuma ki tabbata ba ki hau kan hanya, magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba. Na biyu ya fi nauyi. Filin na maigida ne, kuɗin naki ne. Yau lafiya kuke, Allah ya ƙara dankon ƙauna. Amma rai da mutuwa na Allah ne, kuma na ga mata da yawa da guminsu ya shiga cikin gado aka raba, don babu wanda ya san su suka gina. Ki roƙi maigida cikin ladabi ya rubuta, ko ya faɗa a gaban shaidu biyu, cewa rumfar da siton da kajin naki ne. Dukiyar mace tata ce a shari'a. Namiji mai adalci ba zai ji haushin wannan ba, zai ma ji daɗi an sauke masa nauyi.

Game da lokaci, kada zafin asara ya sa ki yi gaggawa. In kin kwashi adashin a tsakiyar damina, ki sa shi a asusun da ba na cefane ba, ki yi amfani da watannin wajen zagayen da na gaya miki, da ganin wace rumfa ce ta tsaya a Agusta. Ki kwaso kwanon da ya faɗi ki ware. Fallayen da ba su yage ba, su za su rufe sito, katakon da bai karye ba kuma, shi zai yi abin jera buhu. Ki rufe kan bangon da leda kada ruwa ya jiƙa shi. Aikin ya fara bayan ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba ko Nuwamba, lokacin da hanya ta bushe tifa za ta iya shigowa, ma'aikata kuma sun dawo daga gona. In kuɗin bai isa duka biyun ba, ki gama rumfar tsaf ki bar siton zuwa wata kwasar. Kajin kuwa kada ki yi odar su sai an gama komai, an wanke, an yi feshin magani, ɗakin ya sha iska.

A wannan makon abu uku kawai nake so ki yi: ki shiga gidan maƙwabtan nan, ki kira maigida ku yi maganar lissafi, sannan ranar Asabar ki je wurin mai sayar da abincin kaji mafi kusa da ku ki tambaye shi rumfar wa ta fi daɗewa a tsaye a yankin. In kin samo lissafin mutum ukun, ki sake rubuto mini mu duba su tare. Allah ya sa albarka a kiwon, ya daidaita tsakaninki da dangin mijinki.